Kujerar Mariya ta Gefen Hagu

Shekara arba'in da ɗaya Mariya ta yi tana zama a hannun hagun mijinta, Malam Haladu tela. Ba wanda ya ce ta zauna nan, keken ɗinki ne ya raba musu wuri. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan tela ya san hannun dama na juya kan keke ne, yadi kuwa ta hagu yake zubowa. To tun tana amarya, da aka kawo ta daga Bukuru zuwa gidansu na Nasarawa Gwom, ta ɗauki 'yar kujerarta ta tsuguno ta dasa a wannan gefen. Tana tallafe masa shadda kada ta ja ƙasa, tana tsinke zare, tana dasa maɓalli. Shi kuma in ya kai ƙarshen layi sai ya waiga ya ce, "Ja kaɗan, 'Yar Bukuru." Sunan da yake kiranta ke nan, har jikoki suka taso suna tsammanin shi aka raɗa mata. Da tafiya ta yi nisa, abin ya wuce wurin aiki. Cin abinci a hagunsa, hira a hagunsa, ko motar haya suka shiga sai ta zagayo ta wannan gefen.

Ran wata Talata cikin watan Agusta, irin safiyar nan ta Jos da ruwa ke tsiyaya tun asuba kamar ba zai ɗauke ba, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa. Ta dube shi, ta ga gefen bakinsa ya ɗan karkace.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Sanyi ne."

Ita ma ta yarda, don a garin nan me ba a ɗora wa sanyi? Ciwon baya sanyi, ciwon kai sanyi, yaro ya ƙi tashi makaranta sanyi. Ta dafa ruwa ta gasa masa hannu da ƙafa, ta mulke shi da man zafi, ta lulluɓe shi da bargo biyu. Sai bayan la'asar da 'yarsu Ummusalma ta zo daga Daɗin Kowa, ta yaye bargon ta ga yadda hannun ubanta ya saki, ta ƙwala salati, aka ruga neman mota.

Kwana goma sha ɗaya suka yi a asibiti. Aka ce hawan jini ne ya kawo shanyewar ɓarin jiki, ɓarin hagu. Yawancin bayanin da Turanci likita ya yi wa Ummusalma a bakin ƙofa, amma akwai magana ɗaya da ya faɗa da Hausa, ita kuwa ta shiga kunnen Mariya: "Da an kawo shi tun da safe..." Bai ƙarasa ba. Mariya ce take ƙarasa masa a ranta, kullum ta Allah.

Da aka sallamo su, aka sa masa gado a falo, kusa da keken da aka rufe da tsohon zane. Aka ajiye kujerar baƙi a damansa, tunda da wannan hannun yake gaisawa. Mariya ta jawo kujerarta ta koma inda ta saba.

Bakinsa na magana, da ɗan nauyi amma ana ganewa, hankalinsa kuma yana nan. Livinus, mai sayar da yadi da suka daɗe suna hulɗa, ya zo dubiya, suka yi ta ba'a a kan wani alhaji da ya taɓa kawo yadi uku ya ce a fitar masa da babbar riga da wando. Malam ya yi dariya har da tari. Limamin unguwa ya zo, maƙwabta suka zo, kowa ya samu fuskarsa. Mariya kaɗai ce ba ta samu ba. In ta ce, "Malam, ga kunu," sai ya karkata kai can wajen taga, ɗaya gefen, ya ce wa tagar, "To." Ta riƙe hannunsa na hagu tun hantsi har azahar, ko ya dubi hannun. Abincin ma da take sa masa, rabin farantin da ke wajenta ba ya taɓawa, sai ya cinye ɗaya rabin tas ya ture.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne in ta tashi ta zagaya ta ƙafar gado don ɗauko buta ko rufe taga. Nan ne zai dube ta ido cikin ido ya ce, "Sai yanzu? Ina kika shiga tun safe?"

Ita kuwa tun safe gwiwarta na manne da katakon gadonsa. Me za ta ce? Ta ɗauka magana yake jefa mata, yana tambayarta ina take ran Talatar nan, da ta bar shi ƙarƙashin bargo har rana ta yi sanyi. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri, Malam," ta koma kujerarta, shi kuma ya mayar da fuska ga taga. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko Ummusalma. Wa za ta gaya wa cewa tana kewar mutumin da take jin numfashinsa?

Ummusalma ce ta nemo nas. Sunanta Chundung, mace mai jiki da saurin tafiya, ta haura shekara ashirin tana aiki a ɗakin masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya, yanzu kuma tana bin gidaje sau uku a mako. Ta shigo da lema a hannu ɗaya, jaka a ɗaya, ta durƙusa ta gaida Mariya, sannan ta nufi gado.

"Baba, ina kwana? Ni ce Chundung. An ce kai ne ogan teloli a unguwar nan."

"An faɗa miki gaskiya. Ke ce aka ce za ki riƙa juya ni kamar masa?"

"Kowace awa biyu, Baba. In na bar ka a gefe ɗaya, ƙonewa za ka yi, Mama ta ce ban iya suya ba."

Ta auna jininsa. Ta yaye zane ta duba diddige, ta duba ƙugu da bayan kafaɗa, tana danna fata da yatsa tana kallon ko jan zai washe. Ta nuna wa Mariya wani wuri a ƙugunsa da ya fara duhu, ta ce nan ne gyambon kwanciya yake farawa, kuma in ya buɗe sai an sha wahala kafin ya rufe. Ta koya mata yadda ake naɗe zane a ƙarƙashinsa a juya shi da zanen, da yadda ake tokare hannun da ya saki da matashi. Da ta ga Mariya ta kama wannan hannun za ta ɗago shi zaune, sai ta riƙe ta da sauri.

"A'a, Mama! Kada ki ƙara jan shi ta nan. Kafaɗar ba ta da mai riƙe ta yanzu, gocewa za ta yi."

Ta hana a ba shi komai yana kwance. Sai an zaunar da shi sosai, kunu ya yi kauri, cokali ƙarami, a jira ya haɗiye kafin a ƙara, in ya yi tari a dakata. Mariya ta haddace duka kamar karatu. Hannunta ya iya aikin cikin kwana biyu, har Chundung ta ce da a asibiti ne da ta ba ta farar riga. Mariya ta yi murmushi don kada a ce ba ta yi ba.

A zuwa na uku Chundung ta tarar ana cin abinci. Dankali ne aka dafa ya yi luguf, aka murƙushe da ɗan manja. Ta tsaya da jakarta a kafaɗa tana kallo. Malam ya cinye rabin dama, ya bar rabin hagu, tsakaninsu layi miƙaƙƙe kamar da almakashi aka raba.

"Tun da na kwanta aka rage mini abinci a gidan nan," in ji shi. "Ki gaya musu, Sista. Ciwo nake yi, ba azumi ba."

Chundung ta sa yatsa biyu ta juya farantin, rabin da ke cike ya dawo dama.

"A'a!" Malam ya ce. "An ƙaro? Kin ga amfanin baƙo ke nan."

"Mama, kullum haka yake bari?"

"Kullum," in ji Mariya a hankali. "Ɓangarena ne ba ya so."

Chundung ta dube ta, ta ɗan jima tana dubanta. Sannan ta ce a ba ta ƙyallen yadi da allin tela. Mariya ta buɗe akwatin keke ta ɗauko. Aka ɗora katako a cinyarsa, aka shimfiɗa farin ƙyalle mai tsawon yadi ɗaya, Chundung ta sa masa allin a hannun dama.

"Baba, nuna mini tsakiya. Ba awo, da ido."

"Ni za ki gwada? Yarinya, tun kafin a haife ki nake raba yadi da ido."

Gaskiya ya faɗa. Mariya ta sha ganin masu gardama sun ninka yadi don su kama shi, su tarar allin nan yana kan ninkin daidai. Ya dubi ƙyallen, ya ɗaga hannu da irin isar nan tasa, ya ja layi. Layin ya faɗi can kusa da bakin dama, ko kashi ɗaya cikin huɗu bai kai ba.

"Ninka ki gani," ya ce.

Mariya ta dafe ƙirji. Da wani ne ya gaya mata, da ba ta yarda ba. Mutum yana iya juya wa matarsa ƙeya da gangan, amma Malam Haladu ba zai ɓata tsakiyar yadi da gangan ba, ko da wuƙa a wuyansa.

Chundung ta ja ta zuwa tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kwano inda ruwa ke ɗiga cikin bokiti.

"Mama, idonsa lafiya ƙalau. Can cikin kai akwai wurin da ke ce wa mutum duba hagu, to nan ciwon ya taɓa. A wurinsa, duniya daga nan ta ƙare." Ta tsayar da tafin hannunta a kan karan hancinta. "Abin da ke wancan gefen ba ƙin sa yake yi ba, bai ma san akwai shi ba. In kin yi magana yana ji, amma kansa sai ya aika shi nema ta dama."

"To ni fa?"

"Ke ma kina cikin rabin farantin, Mama."

Mariya ta zauna a kan turmi. "Da yake cewa ina na shiga tun safe..."

"Tambaya yake yi tsakani da Allah. Nemanki yake."

Nan fa kukan da ta riƙe mako biyar ya ɓalle. Ta ba Chundung labarin Talatar nan duka, da ruwan zafi da man zafi da bargo biyu, da maganar likita da ba a ƙarasa ba. Chundung ta tsuguna a gabanta, ta bar ta ta gama.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, da an kai shi da wuri ya fi. Duk wanda kika ga bakinsa ya karkace ko hannu ya saki, a ruga da shi, kada a tsaya dafa ruwa. Amma shi da kansa ya ce miki lafiya lau, ko ba haka ba? Irin wannan ciwon har mai shi yake ɓoye wa kansa. Na ga malamin makaranta da ya yi ta rantse mini hannunsa na aiki, hannun na kwance kamar tsumma. Baba bai riƙe ki da komai ba. Tashi ki wanke fuska, kada ya ce na zo na sa matarsa kuka."

Da Ummusalma ta ji bayani da yamma, ta tafa hannu ta ce ai abin mai sauƙi ne, Ummansu ta koma dama, magana ta ƙare. Washegari Mariya ta yi hakan. Ta yafa mayafi kamar mai zuwa unguwa, ta zagaya ta zauna a kujerar baƙi. Fuskarsa ta washe, ya kama hannunta ya riƙe, ya yi ta kallonta har kunya ta kama ta.

"Kin rame," ya ce. Can kuma ya ɗaure fuska. "Amma me kike yi a kujerar baƙi? Dubiya kika zo?"

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Daɗi kam ta ji, ba a magana. Sai dai kujerar ta yi mata tsawo, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa sosai, kuma duk wanda ya yi sallama sai ta miƙe ta ba shi wuri. Ta kan hango 'yar kujerarta can ɗaya gefen, ba kowa a kai, kusa da hannun nan nasa da ba mai kula da shi.

Chundung ma ba ta goyi bayan a kwashe komai a mayar dama ba. Ta ce in aka yi haka, wuyansa ba zai ƙara koyon juyawa ba, hannun hagun zai faɗo daga gado ko ya maƙale a ƙarƙashinsa bai sani ba, ran da ya fara tafiya kuma zai yi ta karo da ƙyaure.

"Da safe ki gaishe shi ta dama, ya gan ki, hankalinsa ya kwanta. Sauran yini ki koma wurinki. Mu kuma mu koya masa hanyar zuwa."

"Zai iya?"

"Wasu yana dawo musu sosai, wasu kaɗan, wasu sai dabara. Ban san nasa ba tukuna. Ina tef ɗin awonsa?"

Tsohon tef ne ruwan ɗorawa, lambobin farko sun goge saboda yatsa. Aka zaunar da shi, aka ɗora katakon. Chundung ta danne kan tef ɗin a damansa, ta miƙa wa Mariya ƙarshen, aka ja shi ya ratsa gabansa har gefen hagu. Ta ɗaura wa Mariya jan ƙyalle a wuyan hannu don ido ya samu abin kamawa.

"Baba, sa yatsa a kan ɗaya. Bi shi kana karanta mini, har ƙarshe."

Ya bi. Goma, sha biyar, ashirin. A ashirin da huɗu ya tsaya ya ɗage yatsa. "Ya ƙare."

"Tef ɗinka inci nawa ne?"

"Sittin mana. Wace irin tambaya ce wannan?"

"To ina sauran?"

Ya dubi ashirin da huɗun nan, ransa ya ɓaci. "Wa ya yanke mini tef?"

"Ba wanda ya yanke. Juya kai, Baba, bi shi da hanci. Akwai mai riƙe da ƙarshen, hannunta ya gaji."

Ran nan ashirin da bakwai ya kai, ya ce kansa na juyawa, aka bari. Mariya ta naɗe tef ɗin ta rataya masa a wuya kamar yadda yake yi a da.

Haka suka yi ta yi, safe da la'asar, ko Chundung ta zo ko ba ta zo ba. In ba ta nan sai a danne kan tef ɗin da dutsen guga. Ana juya shi, ana shafa masa mai, ana motsa masa yatsu da gwiwa ɗaya bayan ɗaya, duhun ƙugun nan ya washe, ya fara zama a bakin gado da taimako. Tef kuwa yau talatin da biyu, gobe ya koma talatin, jibi talatin da takwas. Wata rana ya yi fushi ya ce shi ba ɗan firamare ba ne, ya jefar da shi. Chundung ta ɗauko ta ce, "Oga, in ka kai hamsin zan kawo atamfata ka yanka mini, kuma ba zan yi ciniki ba." Ya ce ai mutanenta Birom ba su taɓa sayen abu ba ciniki ba. Ta ce Bahaushe ne ya koya musu. Ya karɓi tef ɗin.

Ita Mariya tana can ƙarshe tana jin lambobin na matsowa, kamar mai tsaye a tasha tana jin ƙarar mota daga nesa. Takan kalli yatsan nan da ta sani, mai tabon allura a gefen farce, yana rarrafowa wajenta, sai ya tsaya saura taƙi ɗaya. Sau da yawa ta ji kamar ta saki tef ɗin ta kamo yatsan. Chundung ta hana. "Ki yi magana in kina so, amma kada ki tare shi a hanya. Bar shi ya iso."

Ruwan sama ya fara ja baya ran da ya iso. Wata Alhamis ce da hantsi. Hamsin da biyar, ya ce, wuyansa na rawa don ƙoƙari. Hamsin da takwas. Sittin. Yatsansa ya taɓa babban yatsanta. Ya ga jan ƙyallen, ya bi hannu, ya bi kafaɗa, ya ɗago.

"'Yar Bukuru," ya ce. "Tun yaushe kike nan?"

"Tun da aka kawo ni, Malam."

Chundung ta juya baya tana ta neman wani abu a jakarta da ba ta samu ba.

Sai dai kada ku ce shi ke nan. Da aka naɗe tef, aka kwantar da shi ya huta, kansa ya koma wajen taga kamar ƙofar da iska ke turawa. Bayan azahar ta zagaya ɗaukar buta, ya ce, "Ina kika shiga?" Wannan ya fi na da zafi, don yanzu ta ɗanɗana. Ta faɗa wa Chundung ran Asabar, ita kuma ta ce haka abin yake, kai yana koyo yana mantawa, a ci gaba. Ta zauna a kujerar baƙi ta yi wa Malam bayani a fili, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Baba, ciwon nan yana ɓoye maka gefe guda. In ka duba ba ka ga Mama ba, kada ka yarda da idonka. Tana hagunka."

"Kullum?"

"Ka taɓa sanin ta zauna wani wuri?"

Ya shiga murza bakin tef ɗin da ke wuyansa.

Bayan kamar mako biyu, da wata la'asar, gidan ba kowa sai su biyu. Chundung ta zo da safe ta tafi. Rana ta fito sosai, har an shanya barguna a igiya. Mariya na kan kujerarta tana dasa maɓalli a wata tsohuwar rigarsa, shi kuma ya farka daga barci, an tokare shi da matasai. Ta ga ya dubi taga, ya dubi kujerar baƙi, ya dubi ƙofa.

"Ina..." ya fara, sai ya tsaya.

Ta dakata da allura a hannu.

Ya kai hannun dama wuyansa, ya zaro tef ɗin a hankali. Ya danne kansa da haɓa, ya laluba har ya samu ƙarshen. Sannan ya miƙa hannun ya ratsa ƙirjinsa, ya tura ƙarshen tef ɗin cikin wancan gefen da ba ya gani, fuskarsa har yanzu tana wajen taga.

"Kama," ya ce. "Na san kina nan."

Ta soke allurar a rigar, ta kama. Ya mayar da yatsa kan ɗaya ya fara bi, yana karantawa ƙasa-ƙasa. A wajen talatin tef ɗin ya yi sako-sako, ya lanƙwashe a kan bargo, lambobin suka ɓace masa. Ya tsaya. 

"Ja kaɗan, 'Yar Bukuru," ya ce.

Ta ja. Tef ɗin ya miƙe, ya ci gaba da ƙirga.